Injin Niƙa Ba Ya Kuka Ran Asabar

Ran Juma'a, in rana ta faɗa bayan kukar Jatau,
Nwokedi zai zare bel ɗin injinsa,
ya wanke hannu da toka har gwiwa,
Garin Ciroma ya yi tsit kamar an ɗauke ruwan sama.
Mata sun yi mita damina biyu:
"Wane irin mai niƙa ne ke hutu ana jin yunwa?"
Daga baya tun Alhamis suke jera ƙore,
wadda ta makara ta koma turmi,
tana daka tana zagin kanta, ba shi ba.

Ta saman danga nakan hango matarsa
ta kunna kyandir biyu, ta rufe ido da tafi.
Da na tambaya ya ce, "Ni Bayahude ne, Sambo.
Daga Kudu na taho da injina da kwanakina."

Watanmu makiyayi ne, yana yawo,
azumi ya same mu a marka, ya same mu a rani.
Nasa watan kuwa ɗaure yake a turke,
ko ya zagaya, sai ya dawo inda ya kwana.

A tsakiyar bazara, lokacin da randa ke gumi,
suka share gida har ƙarƙashin gado,
ko ɓarɓashin burodi ba a bari ba.
Ya miƙo min gurasa wadda ba ta tashi ba,
da ganyen shuwaka ɗanye.
Na tauna, fuskata ta yamutse.
Ya ce, "Haka bauta take a baki."
Autansa ya yi tambaya, shi ya ba da amsa,
sai na ji labarin Annabi Musa da Fir'auna,
wanda na sani tun ina riƙe da allo,
ya shigo min ta wata ƙofa.

Gero na fitar da kai ya zo aron ƙaho,
na ragon layyata da ke rataye a zaure.
Da ya busa, awakin Ladiyo suka tsinke igiya.
Ya tsoma gwaba a zuma ya ce sabuwar shekara ce.
Kwana tara a kai, ga shi a ƙofata ba takalmin fata:
"Bara mudu guda na geronka ya zube a hannuna,
na yi shiru. Yafe min kafin in je gaban Allah."
Ni da ban ma san na yi asara ba!
Daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar wata ranar
ko ruwa bai kurɓa ba.

Da kaka ya roƙi kara, dami uku,
ya kafa rumfa, rufinta duk ɓula.
Na ce, "Kawo in ɗaure maka irin ta mutane."
Ya ce, "Bar ramukan, ta nan ake ganin taurari."
Kwana bakwai muna cin tuwo a ciki,
sauro na cin nasa rabon.

Da sanyi ya kama, fitila ɗaya a taga,
gobe biyu, jibi uku, har takwas,
ƙosai na iyo a mai, yaran unguwa na leƙe.

Shekara goma sha ɗaya.
Sai ciwon ƙafa ya mai da shi garinsu.
Wanda ya sayi injin yana niƙa kwana bakwai cur,
ba wanda ya yi ƙorafi.
Amma har yau Alhamis ƙore sun fi yawa,
ƙahon na nan a zaure ba mai busawa,
ni kuma bana, da muka gama yankan gero,
na tarar na ware dami uku na kara
ban san wa zan ba ba.